Yadda Ake Ƙawata Wurin Biki a Sakkwato Ba Tare da Rana ko Iska Sun Ɓata Aikin Ba

Duk wanda aka ɗora wa alhakin ƙawata wurin biki a Birnin Shehu, kafin ya je kasuwa neman yadi ko ya buɗe Instagram yana kallon hotunan bukukuwan Legas da Abuja, ya kamata ya fara tambayar watan da aka tsayar da ranar, domin yanayin Sakkwato ne ke yanke hukunci a kan abin da zai tsaya da abin da zai lalace. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma a irin wannan bazara ɗanyen fure yakan yanƙwane kafin baƙi su gama zama. Na taɓa halartar wata walima a watan Afrilu inda aka yi wa ƙofar shiga baka da balan-balan tun da hantsi, kafin la'asar sun riƙa fashewa ɗaya bayan ɗaya har tsofaffi suna firgita. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa hunturu ne, iska na busowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙura, farin labule yakan koma ruwan ƙasa cikin wuni guda. Da damina, wato daga Yuni zuwa Satumba, hadari yakan taso ne galibi daga gabas da iska mai ƙarfi, ita ce ke tumɓuke rumfar da ba a kafa ta da kyau ba.

Saboda haka aikin farko shi ne a je wurin kwana biyu ko uku kafin bikin, a daidai lokacin da za a yi taron, a tsaya a ga inda inuwa take faɗawa. Idan bayan la'asar ne, rana tana yamma, don haka kada a sa mazaunin amarya da ango ya fuskanci yamma, su wuni suna runtse ido a hoto, kuma kada a sa shi ya ba yamma baya, baƙi su kasa ganin fuskokinsu. A juya shi kudu ko arewa. In hunturu ne, a kare ɓangaren arewa da gabas da zana mai kauri, sannan a yayyafa wa filin ruwa sau biyu, da safe da kuma sa'a guda kafin a fara, don ƙura ta kwanta. Kowace ƙafar kanofi a ɗaure ta da turke ko buhun yashi, komai kyawun sararin sama da safe.

Bayan an gama da rana da iska, sai a zo batun launi. Launi biyu sun isa, na uku kuma ɗan kaɗan don ƙarin armashi. A tambayi uwar biki launin ankon mata da na kayan da amarya za ta sa, domin labulen bayan amarya bai kamata ya zama launi ɗaya da tufafinta ba, in ba haka ba sai ta ɓace a cikinsa. Ruwan madara da ruwan ƙasa da ja mai duhu da shuni sun fi jure ƙurarmu, kuma sun dace da kayan gida da zan ambata yanzu.

A ganina nan ne Basakkwace ya fi kowa sa'a, amma ya fi kowa sakaci. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna tun zamanin fataucin hamada, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko saboda ta can take bi kafin ta isa gare su, kuma har gobe dukawanmu suna ɗinka tum-tum da matasai da shimfiɗun fata masu zane. Tum-tum shida ko takwas a kewaye da mazaunin amarya, a kan darduma mai duhu, sun fi kujerar zinariyar roba da ake haya kwarjini, kuma bayan biki a kwashe su a kai mata ɗaki su shiga cikin jere, kuɗin bai tafi a banza ba. Bangon baya kuma ana iya yin sa da sabuwar tabarmar kaba ko zana mai tsabta, a liƙa mata fayafayai masu launi manya da ƙanana, ana farawa da babba a tsakiya sauran suna bazuwa gefe ba tare da an jera su kamar sojoji ba. A saƙala ƙorai masu sassaƙe da ludaya a tsakaninsu da zare mai ƙarfi, kada a huda su da ƙusa, don a iya amfani da su daga baya. In an sami luru ko saƙi na kaka a cikin adaka, a yafa shi a jikin kujera, ba a rasa tsohuwar da za ta gane shi ta yi murmushi. Duk waɗannan ana samun su a Babbar Kasuwa da Tsohuwar Kasuwa, sai dai a ba baduku aikinsa aƙalla mako uku kafin ranar, domin aikin hannu ba ya son gaggawa, kuma lokacin bukukuwa, musamman gab da azumi da bayan Salla, hannayensu a cike suke.

Ba kowane zama ne ke buƙatar ado iri ɗaya ba. Ɗaurin aure na maza ne, a masallaci ko a ƙofar gida, kuma adonsa bai wuce inuwa da shimfiɗa mai tsabta da faranti ko faifan goro da dabino da alawa ba. Wanda ya kashe kuɗin labule a nan ya yi asara. Ranar lalle da kamu ita ce ranar zaman ƙasa, ita ce kuma ta fi dacewa da tabarmi da tum-tum da ƙorai, a sa ƙwaryar lalle a tsakiya a kan faifai, kaskon turaren wuta a kusurwa inda yara ba sa kaiwa. Walima ko liyafar dare a zauren taro ce take cin kuɗi, kuma shawarata ita ce a zuba kuɗin a wuri uku kawai, wato ƙofar shiga da mazaunin amarya da ango da kuma haske, teburan baƙi kuwa shimfiɗa mai tsabta da ƙaramin tulu ko faifai a tsakiya sun wadatar. A bar hanya mai faɗin aƙalla mita ɗaya da rabi daga ƙofa zuwa dandamali, domin amarya ba ita kaɗai take shigowa ba, ƙawaye da gwaggwanni suna biye da ita.

Haske yana iya gyara ado mai arha, yana kuma iya kashe mai tsada. Farin ƙwan lantarki mai ƙarfi yakan sa fuska ta yi fayau, ya tona duk wata ƙura da ke jikin yadi, ruwan ɗorawa mai laushi kuwa yakan fito da jan fata da launin kaba. Ƙwayayen LED ba su cin wuta sosai, guda 20 masu wat 10 ba su wuce wat 200 ba, ƙaramin janareta ko batirin sola zai ɗauke su. Janaretan a kai shi nesa, a bayan gini, ta ɓangaren da iska ba za ta kawo hayaƙinsa ba, wayoyi kuma a bi da su ta gefen bango a rufe. Kyandir da aci-balbal suna da kyau a hoto, amma kusa da zana da kaba a lokacin hunturu neman gobara ne, a yi amfani da ƙananan fitilu masu batir a cikin ƙwarya ko tukunyar ƙasa mai huji.

Akwai abubuwan da masu ado ke mantawa alhali baƙo ya fi lura da su fiye da labule. A keɓe wurin salla mai shimfiɗa da butoci da ruwan alwala, domin taron da ya fara bayan la'asar dole magariba ta riske shi, kuma a raba mazaunin mata da na maza da labule ko zana yadda gidan ya saba. A jera randuna ko sababbin tuluna a inuwa, a rufe su da faifai, su zama ado kuma su sanyaya ruwa. Da bazara a ajiye wa kowane baƙo mafici, ko mahuci kamar yadda muke faɗa a nan, a kan kujerarsa, ya fifita kuma ya tafi da shi a matsayin tsarabar biki. Batun liƙi kuma, dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta haramta watsa naira da taka ta a wurin biki, hukuncin shi ne ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, saboda haka a tanadi babbar ƙwarya mai sassaƙe a gaban amarya, a naɗa mace guda daga cikin dangi ta tsare ta, sanƙira ko mai gabatarwa ya sanar tun farko cewa a cikinta ake sa gudummawa.