Yadda ake saita simbal na lantarki ya yi amo mai daɗi

Simbal shi ne farantin ƙarfe da makaɗi ke bugawa tare da ganguna. Na lantarki kuwa faranti ne na roba, ba shi da amon kansa. A ƙarƙashinsa akwai 'yar na'ura mai suna piezo da ke mayar da girgizar bugu siginar lantarki, akwatin sauti kuma shi ke fitar da ƙarar. Don haka sai an gyara yadda akwatin ke jin bugu kafin a je ga ƙawata sauti.

Da farko ka ɗora farantin a kan sandarsa, kada ka ɗaure shi tamau, bar shi ya riƙa ɗan lilo. Sai ka jona shi da akwatin ta wayar sauti mai baƙin zobe biyu a baki. Idan mai zobe ɗaya ce, gefen farantin ba zai yi aiki ba, kuma ko ka damƙe shi da hannu ƙarar ba za ta tsaya ba. Faranti mai sassa uku, wato tsakiya da jiki da gefe, a yawancin na Roland waya biyu yake ci, na Yamaha kuwa ɗaya ta isa.

Daga nan ka shiga akwatin ka zaɓi samfurin farantinka, sannan ka buga iya ƙarfin da ka saba. Ma'aunin ƙarfin bugu yana tsayawa ne a 127. Ka daidaita Sensitivity, wato saitin yadda akwatin ke jin ƙarfin bugu, ta yadda sai bugunka mafi ƙarfi ne zai kai can. In ɗan taɓawa ma tana kaiwa 127, kiɗanka zai fito bai ɗaya, babu lallami babu tsawa. Threshold kuma shi ke hana akwatin amsa ƙaramar girgiza. Ɗaga shi kaɗan-kaɗan, domin in ya yi yawa zai haɗiye bugun da ka yi a hankali. Idan ka bugi ganga simbal ya amsa, girgiza ce ta bi ƙarfen da ke riƙe da su. Raba su tukuna, in abin bai daina ba ka ƙara Crosstalk, wato saitin da ke hana faranti amsa bugun maƙwabcinsa.

Yanzu ne za a taɓa sautin. Yanke duk abin da ke ƙasa da kamar 300 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne, 1 kHz kuma Hz dubu ne), wannan filin manyan ganguna ne. In yana soka kunne, rage kaɗan tsakanin 3 da 5 kHz. Amsa-kuwwa kuwa a sa ta kamar gishiri, ni a ganina yawanta ne ke tona asirin gangar lantarki.

Mai son sautin ya fito daga kwamfuta sai ya haɗa akwatin da ita ta MIDI, wato hanyar da kayan kiɗa ke aika wa kwamfuta bayanin bugu, inda ganguna ke kan tasha ta 10. A sa bafa, wato yawan guntayen sauti da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar, a 128, wanda a saurin ɗaukar sauti na 48 kHz jinkirinsa bai kai milisakan 3 ba. In sautin ya fara tsinkewa, a ɗaga ta zuwa 256.