Shawara ga masu ɗaukar awaki da raguna a mota

Assalamu alaikum 'yan'uwa makiyaya. Tun da hada-hadar layya ta gabato, ina so in ja hankalinmu kan yadda dabbar gida take ganin duniya, domin yawancin wahalar da muke sha wajen lodi daga nan take tasowa.

Kimanin shekaru 10,000 ke nan da ɗan Adam ya fara kiwon akuya a tsaunukan Iran, amma har yau jar akuyarmu ta Maradi tana da irin idon barewar dajin Gadabeji: ƙwayar idon a kwance take, idanun kuma suna gefen kai, don haka tana hango kusan duk abin da ke kewaye da ita, sai dai ba ta iya auna zurfi sosai. Abin da kiwo ya rage shi ne tsoron mutum. Barewa tana zabura tun daga nesa, akuya kuwa sai ta bari ka taɓa ta.

Saboda haka, idan rago ya toge a bakin mota, kada a yi gaggawar dukansa. Sau da yawa inuwa ce ya gani a ƙasa ya ɗauka rami ne, ko kuma cikin motar ya yi masa duhu. A juya motar yadda haske zai shiga, a watsa ɗan yashi a kan katakon hawa, sannan a fara shigar da dabbar da ta fi sabawa, sauran za su bi ta. A tunkari dabba ta gefen kafaɗa ana yi mata magana a hankali, domin ba ta ganin wanda ya tsaya daidai bayanta.