Yadda Ake Shuka Itacen Ginkgo Daga Ƙwaya

Duk wanda ya yi niyyar shuka ginkgo ya kamata ya san cewa dangin wannan itace sun bayyana a doron ƙasa kimanin shekara miliyan 270 da suka wuce, tun kafin a sami tsirrai masu fure, kuma duk sun ƙare in ban da nau'i guda da ya tsira a ƙasar Sin, wanda masana ke kira Ginkgo biloba. Wannan tsohon asali shi ya sa shukarsa ta bambanta da ta sauran itatuwa.

Ginkgo yana da namiji da mace dabam-dabam, kuma a gindin macen ake tsintar 'ya'yan idan sun zubo a lokacin kaka. Wajibi ne a sa safar hannu ta roba, domin tsokar da ke lulluɓe da ƙwayar tana da ɗoyi irin na man shanun da ya lalace, tana kuma sa fata ƙaiƙayi. A jiƙa 'ya'yan a ruwa, a murje tsokar har farar ƙwayar mai tauri ta fito, sannan a wanke ta tas. A nisanta ta daga yara, saboda akwai guba a cikinta.

A nan ne gaggawa ke ɓata aiki. Garin furen namiji yakan isa ga macen tun lokacin bazara, amma barbarar ba ta kammaluwa sai bayan watanni, lokacin da ƙwayoyin halittar namijin suka yi iyo da kansu zuwa ga ƙwan, abin mamakin da masanin tsirrai ɗan ƙasar Japan, Sakugoro Hirase, ya gano a Tokyo a 1896. Saboda haka sau da yawa ƙwayar kan faɗo alhali ɗan tsiron cikinta bai gama haɗuwa ba. Sai a binne ta cikin yashi mai danshi a ɗaki mai ɗumi na wata ɗaya zuwa biyu, sannan a mayar da ita firiji, ba sashen ƙanƙara ba, na wani wata ɗaya ko biyu, domin ta ɗanɗani sanyin hunturu.

Daga nan a shuka ta a zurfin santimita 3 cikin tukunya mai tsawo, tun da saiwar tana nutsawa ƙasa sosai, a riƙa ba ta ruwa ba tare da ya kwanta ba. Ganyen da zai fito kamar ɗan mafici yake, jijiyoyinsa suna rabuwa biyu-biyu tun daga tushe har baki, kamar yadda ake ganinsu a burbushin da ke cikin duwatsu.

A dasa itacen inda rana ke samunsa, nesa da gini, domin yakan kai mita 20 zuwa 35, kuma ya fi samun kansa a ƙasashen da ke da hunturu na gaske. Juriya kam yana da ita: wasu itatuwansa sun sake toho bayan bam ɗin Hiroshima na 1945. Sai dai ba a sanin namiji ne ko mace sai ya kai shekara 20 ko fiye, don haka wanda ba zai iya jure ɗoyin 'ya'yan ba gara ya nemi dashen da aka samo daga reshen namiji.