Shekara bakwai da jaka ɗaya: kurakuran da ke hana ma'aikacin inshora ƙarin girma

Yawancinmu ta ƙofa ɗaya muka shiga aikin inshora, ƙofar talla. A miƙa maka jaka cike da takardu, a faɗa maka adadin kuɗin da za ka kawo a wata, a ce Allah ya ba da sa'a. Ka yi ta zagaya Kantin Kwari da Sabon Gari kana shan "sai na yi shawara" da "ai Allah ne mai tsarewa". Kafin mutum ya farga shekara bakwai ta wuce, jakar nan ce dai a hannunsa, alhali cikin waɗanda suka shigo tare wani yana sashen biyan diyya a hedikwata, wata ta zama manajar reshe. Daga nan sai a fara cewa ai sai mai uwa a gindin murhu. Ban musa akwai wannan ba. Amma na taɓa zama a gaban teburin masu tantance masu neman ƙarin girma ina gumi, daga baya kuma na zauna a bayansa ina tambaya, kuma abin da na fi gani yana kayar da mutane daga hannunsu yake fitowa.

Kuɗin da ka kawo, da kuɗin da ya fita

Babban kuskuren ɗan talla shi ne ya ɗauka yawan kuɗin da ya shigo da shi ne ƙimarsa a idon kamfani. Mai sayar da shadda, da ya karɓi kuɗi ya miƙa kaya ciniki ya ƙare. A inshora kuwa ranar da ka karɓi kuɗi ranar ce kamfani ya ɗauki kaya a ka, ba a sanin riba ko faɗuwa sai shekara ta zagayo.

A ce ka shigo da naira miliyan 40 daga wani mai tireloli, aka tafa maka a taron reshe, ka karɓi kamashonka. Kafin shekara ta ƙare motocin nan sun jawo diyyar miliyan 55. Kai a lissafinka gwarzo ne. A hedikwata kuwa, inda ake auna diyyar da aka biya da kuɗin da aka karɓa, sunanka yana jikin asara. Abokin aikinka da ya kawo miliyan 15 daga makarantu da ƙananan asibitoci, aka biya diyyar miliyan 3 kacal, kuma duk suka sabunta a shekara ta biyu, shi ake tunawa in kujera ta samu.

Gyaran ba shi da wahala, naci yake so. Ka buɗe littafi ko shafi a kwamfuta, ka riƙa rubuta kowane abokin ciniki: nawa ya biya, nawa aka biya shi, ya sabunta ko ya gudu. Duk wata uku ka leƙa sashen diyya ka tambayi yadda mutanenka suke. Za su yi mamaki, don ɗan talla bai cika zuwa wurinsu ba sai da rigima. In sashen tantance haɗari ya ƙi karɓar wani ciniki da ka kawo, ko ya tsauwala farashi, kada ka tafi kana gunaguni a mota. Ja kujera ka ce a nuna maka dalili. Wata rana za a ce maka shagon yadi ne a bene mai tsohuwar wayar lantarki, babu abin kashe gobara, hanyar shiga ba ta ɗaukar motar kwana-kwana. Duk wanda ya ga abin da gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta yi, ko ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a 2022, ya san ba mugunta ce ta sa suke wannan bin diddigi ba. Irin wannan zama sau goma ya fi maka kwas na mako guda a otal, kuma ranar da za ka nemi komawa sashen, ba baƙo za su gani ba.

"Sai na samu sarari zan yi jarrabawar"

Sararin ba ya zuwa. Jarrabawar cibiyar ƙwararrun inshora ta Najeriya, CIIN, hawa-hawa ce, kuma ba a gama ta a zama ɗaya. Wanda ya fara tun yana sabon shiga, kafin aure da kuɗin makarantar yara su taso, ya huta. Wanda ya ce sai ya zama babba tukuna, zai iske takardar ce ma ake tambaya kafin a ba shi girman. Shugabancin sassan fasaha, wato tantance haɗari da diyya da hulɗa da kamfanonin da ke yi wa kamfanonin inshora inshora, ba a cika damƙa shi ga wanda ba shi da shaidar ƙwarewa ba, don NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a ƙasa, tana duba cancantar waɗanda ake ɗorawa a manyan kujeru.

Akwai masu tafiya su yi digiri na biyu a harkar kasuwanci suna ganin zai maye gurbinta. Digirin yana da amfaninsa, amma a wannan gida ba ya cike wannan gurbi. Ka tambayi sashen kula da ma'aikata ko kamfani na mayar da kuɗin jarrabawa ga wanda ya ci, ko yana ba da hutun karatu. Sau da yawa abin yana rubuce a kundin dokokin ma'aikata, kundin da kowa ya sa hannu ya karɓa, ba wanda ya buɗe.

In kuma kai mai kan lissafi ne, ka dubi ɓangaren masana lissafin haɗari. Ƙasar nan tana fama da ƙarancinsu, kuma tun da sabon tsarin rubuta asusun inshora na IFRS 17 ya fara aiki a Janairun 2023, duk wanda ya iya haɗa lissafi da fahimtar inshora nemansa ake yi.

Oga ya ji a bakin wani

Wannan ni kaina na yi shi. An fitar da sanarwar gurbi a sashen diyya, na tura takardata a ɓoye don ina jin nauyin manajanmu, kada ya ga kamar gudunsa nake. Ban san cewa abu na farko da sashen ma'aikata ke yi shi ne su kira shi su ji ra'ayinsa ba. Mutumin bai ce mini komai ba. Ya dai gaya musu reshe ba zai iya sakina a wannan zangon ba, magana ta mutu. Da na same shi daga baya, cewa ya yi, "Da ka zo ka faɗa mini, da ni zan kira su." Ko da gaske yake ko a'a, Allah masani, amma na ba shi hujja da hannuna.

Ka riga sanarwa zuwa wurinsa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne zaman auna aikin shekara, ba ranar da kuka yi saɓani ba. Ka ce, "Yallaɓai, ina da sha'awar koyon aikin diyya nan da shekara guda. Me kake ganin ya rage mini?" Ka ga ka mayar da shi mai ba da shawara, ba wanda za a yi wa ƙwace ba. Sannan ka cire masa tsoron da ke ransa, wato wa zai riƙe teburinka. Ma'aikacin da ya ɓoye yadda yake aikinsa don kada a iya yi babu shi, ya ɗaure kansa da kansa a kujerar. Ka koya wa na ƙasa da kai, ka tsara fayilolinka yadda kowa zai gane.

Kishiyar wannan kuskure kuma ita ce kunya. Mun taso da cewa yabon kai jahilci ne, sai mutum ya shiga gaban masu tantancewa ya ce "mun dai yi iya ƙoƙarinmu". Ba a ce ka cika baki ba. Ka buɗe littafin nan naka ka karanto alƙaluma, su za su yi magana a madadinka.

Wasiƙar canji

Mutane kan yi murna da sabon suna su manta da mataki. Ana iya kiranka shugaban sashe alhali albashi da matakinka suna nan inda suke, aiki ne kawai ya ninka. Kafin ka sa hannu ka duba: matakin ya canza? Riƙo ne ko tabbatarwa, in riƙo ne na wata nawa? In daga talla za ka koma ofis, kamasho zai tsaya, ka lissafa abin da zai rage maka a wata. Wani lokaci komawa gefe ba tare da ƙarin ko sisi ba ita ce dabara, in sashen da za ka yana da hanya a gaba. Amma ka shiga da idonka a buɗe.

Sai maganar Legas. Galibin kamfanonin inshora can hedikwatarsu take, can ake yanke manyan shawarwari, can manyan dillalai suke. Mai cewa shi ba ya barin Kano ko Kaduna ko da na wata shida ne, ya sani ya rage wa kansa ƙofofi. Ban ce kowa ya kwashe iyali ba, musamman 'yan'uwa mata da ke da nauyin gida. Ana iya neman zuwa na ɗan lokaci, ko shiga kwamitin wani aiki da ake yi ta intanet, don dai a san fuskarka da aikinka.

Takaful ba canjin suna ba ne

Tun da NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, a 2013, aka kuma samu kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, 'yan Arewa da yawa suna ganin nan ce hanyarsu, kuma da gaskiyarsu. Kuskuren shi ne mutum ya zaci kasancewarsa Musulmi mai jin Hausa ya wadatar. Za a tambaye ka bambancin asusun mahalarta da na masu hannun jari, yadda kamfani ke karɓar ladan wakilci ko kason mudaraba, yadda ake raba rarar da ta saura bayan an biya diyya, da abin da ake yi in asusun mahalarta ya gaza, wato bashin da ba ruwa da kamfani ke ba shi. Alhajin da ke Kwari ma waɗannan tambayoyin zai yi maka, da nasa salon, kuma in ka yi inda-inda ya gane.

Tabon da ba ya fita

Doka ta ce in ba a biya kuɗin inshora ba, babu kariya, kuma NAICOM ta tsaurara aiki da wannan tun Janairun 2013. Duk da haka ɗan talla da wata ya zo wa ƙarshe bai cike adadinsa ba yakan ba da takarda a kan alkawarin "gobe zan turo". Ko ya karɓi kuɗi a asusunsa na kansa da niyyar turawa ranar Litinin. Ko a ja kwanan wata baya don a taimaki wanda motarsa ta riga ta yi haɗari. Haka inshorar mota ta dole, wadda ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023: duk takardar da ba ta hau rumbun bayanan inshora na ƙasa, NIID, ba, jami'in hanya zai gane ta da wayarsa, kuma za a bi sawu har teburin da ta fito. Takardar tuhuma ɗaya a kan amanar kuɗi tana zama a fayil ta jira ka. Masu tantancewa suna iya yafe rashin cike adadi, wannan kuwa ban taɓa ganin an tsallake ta ba. Harkar kuma ƙarama ce, manajoji sun san juna, labari yana riga ka isa kamfani na gaba.

Lokacin da muke ciki ma ya ƙara wa duk wannan nauyi. Dokar gyaran harkar inshora ta 2025 ta ɗaga mafi ƙarancin jari zuwa naira biliyan 10 ga masu inshorar rai, biliyan 15 ga masu sauran nau'o'i. Da aka yi irin wannan a 2007, kamfanoni sama da 100 sun koma kusan 50. Idan kamfani biyu suka haɗe, manajan reshen Kano biyu ne, kujera ɗaya, kuma mutanen da za su zaɓa wataƙila ba su taɓa ganinka ba. Fayil za su buɗe. Ka je sashen ma'aikata a makon nan ka nemi ganin naka, ka tabbatar sakamakon jarrabawarka da takardun kwasa-kwasan da ka yi duk suna ciki, don na sha ganin wanda ya ci jarrabawa shekara biyu da suka wuce, takardar tana gida cikin durowa.