Yadda Ake Cin Moriyar Hutu a Gidan Haya na Bakin Teku

Wanda ya kama ɗan gida a bakin teku don hutun 'yan kwanaki yakan zo da tsarinsa a ka: yawo da safe, wanka da rana, hira da dare. Teku kuwa ba ruwansa da agogon kowa. Yana cika, yana janyewa a lokacinsa, kuma kusan duk abin da za ka yi a gaɓa a kan wannan ya rataya.

Ranar da ka sauka, kafin a kwance kaya, zagaya gidan. Ka san inda ake kashe ruwa da wuta, ka gwada ko waya na samun sabis a ciki. Tambayi mai gidan hanyar da ake bi a sauka gaɓa, da wadda ba a bi. Rubuta lambar neman agajin gaggawa ta ƙasar tare da cikakken adireshin gidan, ka manna inda kowa zai gani.

Daga nan sai babban aikin: nemi jadawalin cika da janyewar ruwa na wannan gaɓar takamaimai, a intanet ko a allon sanarwa na bakin ruwa. A yawancin gaɓoɓin duniya ruwa kan cika sau biyu ya janye sau biyu a kwana ɗaya, tsakanin wata cika da mai bi mata kimanin awa 12 da minti 25. Shi ya sa kullum lokacin ke ƙara jinkiri da kusan minti 50: in yau ya gama janyewa ƙarfe tara na safe, gobe sai wajen goma saura minti goma. Wata ne ke jan ruwan, rana na taya shi. A tsayuwar wata da daren sha huɗu jan nasu kan haɗu, sai ruwan ya cika fiye da kullum, ya kuma janye can nesa. In hutunka ya faɗo a kwanakin nan, ka yi sa'a.

Ga dalili. Idan ruwa ya ja baya, yakan bar ƙananan kududdufai a cikin duwatsu, kuma a ganina nan ne daɗin hutun yake, musamman in da yara. Ku fita awa ɗaya ko biyu kafin ƙarshen janyewa, kuna bin ruwan a baya. A sa takalmi mai kama ƙasa, don gansakukar da ke kan dutse santsi gare ta ba kaɗan ba. Tsuguna bakin kududdufi yadda inuwarka ba za ta faɗa ciki ba, ka yi tsit na minti ɗaya. Da farko kamar babu komai. Can sai ka ga ƙwanson katantanwa ya fito da ƙafafu yana tafiya: wata ƙaramar kaguwa ce ta tare a gidan da mai shi ya mutu ya bari. Wani jan abu mai kama da tsokar nama a jikin dutse, da ruwa ya rufe shi sai ya buɗe da 'yan yatsu masu lilo. Dabba ce, ba tsiro ba. Duk dutsen da ka ɗaga, mayar da shi yadda ka same shi, gama halittun da ke ƙarƙashinsa ba sa jure rana.

Amma ido na kan agogo. Ruwa kan dawo a hankali a awa ta farko, sannan a awa ta uku da ta huɗu ya yi kusan rabin hawansa baki ɗaya. Kuma ba daga gaba kawai yake zuwa ba, yakan fara cika kwaruruwan da ke bayanka ya datse maka hanya.

Batun iyo, nemi gaɓar da ke da ma'aikatan ceto. A ƙasashe da yawa tuta mai ja da rawaya na nuna iyakar wurin da suke sa ido, ja zalla kuma na nufin kada a shiga. Wurin da ya fi kama da kwanciyar hankali, wato inda ruwa ya yi duhu kuma igiya ba ta fashewa, sau da yawa nan ne ruwa ke komawa ciki da ƙarfi. In ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi. Kwanta rigingine ka huta, ɗaga hannu a gan ka, in kana da ƙarfi ka yi iyo ta gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ka fita daga cikinsa. Ranar da iska ke kaɗawa daga tudu zuwa teku, a bar kayan wasan da ake hurawa a gida.

Da tsakar rana a koma inuwa. Iskar teku na ɓoye zafin rana, sai fata ta ƙone ba ka sani ba. Shafa man kare fata daga rana mai lambar ƙarfin kariya (SPF) 30 ko sama, ka sake bayan awa biyu da kuma bayan fitowa daga ruwa. Barcin rana ma yana cikin abin da ka biya wa kuɗin haya.

Da la'asar a bi hanyar kan tsauni da madubin hangen nesa don kallon tsuntsaye da jiragen ruwa, amma a tsaya nesa da bakin tsaunin, don ƙasar wurin kan zabtare. Mai sha'awar kamun kifi ya fara tambaya ko ana buƙatar lasisi. Da dare a kashe fitilun waje, a ajiye waya. Ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu ya ga taurari sosai. Ranar da aka tashi da ruwan sama kuwa, ranar karatu ce da wasan kati.

Kowace yamma a ɗauraye takalma, tabarau da duk wani abu mai zif da ruwan famfo, domin gishiri na cin ƙarfe. A kakkaɓe yashi a ƙofa, kada ya toshe magudanar banɗaki. Ana gobe tafiya a shanya tawul da kayan iyo tun da wuri, saboda a iskar bakin teku mai laima kaya ba sa saurin bushewa.