Yadda ake tantance hoton AI kafin a tura shi guruf

A watan Maris na 2023 hoton Fafaroma Francis sanye da wata ƙatuwar farar rigar sanyi ya karaɗe duniya, jama'a suka gaskata, alhali Midjourney, manhajar AI (ƙirƙirarriyar basirar na'ura) mai haɗa hotuna, ce ta ƙirƙiro shi. Kada ka yi musu dariya. A binciken da Sophie Nightingale da Hany Farid suka wallafa a 2022, waɗanda aka nuna wa fuskokin gaske da na na'ura sun canka daidai kashi 48 cikin 100 kacal, wato bai fi cin canke ba. Don haka idan hoto ya faɗo guruf ɗin unguwa an ce ga abin da ke faruwa a Sabon Gari, bi a hankali.

Da farko, buɗe hoton ka zuƙo shi da yatsu biyu. Duba hannaye, haƙora, kunnuwa, da inda inuwa ta faɗi. A da ƙirga yatsu ya wadatar, yanzu sabbin manhajoji sun gyara wannan, kar ka tsaya nan.

Na biyu, kuma nan ne ƙarfinka yake: yi amfani da sanin garinka. Na'urar ta fi koyo daga hotunan ƙasashen waje, ba ta san Zariya kamar kai ba. Idan an ce Ƙofar Doka ce, ina alamomin da ka san wurin da su? Idan hawan Sallah ne, dubi naɗin rawani, kwalliyar doki, da aikin da ke jikin babbar riga. Sau da yawa zanen yakan narke ya shige cikin juna kamar an zuba masa ruwa. Karanta allunan shaguna da lambar mota. Wani lokaci haruffa kan fito a hargitse, ba Hausa ba, ba Turanci ba, balle a samu ƙ da ɗ a gurbinsu. Ni abin da ya fi sa ni shakka shi ne tsabtar da ta wuce kima: titi ba ƙura, fata sumul, kowa kamar ya fito daga sutudiyo.

Na uku, nemi asalinsa. Saka hoton a manhajar binciken hoto irin su Google Lens ko TinEye ka ga inda ya fara bayyana da kuma yaushe. Wani lokacin ma ba AI ba ne, tsohon hoto ne na wata ƙasa aka sake masa labari.

Sannan ka tambayi kanka: gobara a kasuwa da rana tsaka, amma hoto ɗaya tak? Abin da ya faru da gaske mutane da yawa ke ɗauka, ta kusurwa daban-daban, har da bidiyo. Leƙa shafin masu bin diddigi irin su Dubawa, ko ka kira ɗan uwanka mai shago a wurin ka ce, "Yaya, lafiya kuwa wajenku?" Kafin ya amsa, bar hoton a wayarka.