Yadda za ka ziyarci gidan tarihin yaƙi na Malta ba tare da hutunka ya tafi a banza ba

Wanda ya je hutu tsibiri, teku ce ta kai shi, don haka ba zan ce ka kwashe kwana biyu kana karanta rubutun jikin bango ba. Rabin yini ya isa, in ka tsara shi da kyau. Malta 'yar ƙarama ce a tsakiyar Bahar Rum, kimanin kilomita 90 kudu da Sisili, kuma wannan matsayi nata ne ya sa duk mai son mallakar tekun sai ya yi ƙoƙarin kama ta. Riƙe wannan a ranka, shi ne zai sa kayan da za ka gani su yi maka ma'ana.

Gidan tarihin yana cikin sansanin St Elmo, a ƙarshen birnin Valletta, inda ƙasa ta tsinke teku ta fara. Ka sauka daga bas a ƙofar gari, ka bi titin Republic miƙe har ƙarshensa, tafiyar kamar kilomita ɗaya. Da ƙafa za ka je. Sa takalmi mai riƙe ƙafa, domin duwatsun titunan sun sha taku har sun yi santsi, ga gangara ga matakala. Ɗauki ruwa da hula. Hukumar Heritage Malta ce ke kula da wurin, sai ka duba lokacin buɗewa a shafinta tun da dare, ka isa da an buɗe ƙofa. Kuɗin ƙasar yuro ne.

Da ka shiga, kada ka faɗa ɗakunan tukuna. Hau saman ganuwa ka tsaya. Ta dama babbar tashar jiragen ruwa ce, ta hagu ta Marsamxett, sansanin na zaune a bakin duka biyun kamar mai gadi a ƙofar zaure. Yanzu ka gane abin da ya sa a 1565 rundunar Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta fara da nan. Sun zaci 'yan kwanaki za su yi, sai da suka shafe kusan wata guda suna ruwan igwa kafin sansanin ya faɗi ranar 23 ga Yuni. A nan ne shahararren kwamandan teku Turgut Reis ya sami raunin da ya yi ajalinsa. Lokaci da mayaƙan da aka rasa a St Elmo na cikin abin da ya sa suka janye a watan Satumba. Bayanan da ke jikin bango daga bakin masu tsaron tsibirin suke, wato mayaƙan ƙungiyar Kiristoci ta St John, kuma ba laifi ba ne, gidansu ne. Amma kana kallon sulke da kwalkwali ka tuna cewa waɗanda suka mutu a cikin ramin da ke ƙasan ganuwar su ma 'ya'yan wasu ne.

Ɗakunan a jere suke bisa zamani, tun daga zamanin tagulla har shigar Malta Tarayyar Turai a 2004. Na farkon ka wuce su da sauri. Ƙarfinka ka ajiye wa ɓangaren Yaƙin Duniya na Biyu. Ranar 11 ga Yuni 1940, washegarin da Italiya ta shiga yaƙi da Birtaniya mai mulkin Malta a lokacin, bama-bamai suka fara sauka, kuma wannan sansanin na cikin wuraren da aka fara kashe sojoji. Nemi jirgin saman yaƙin nan da ake kira Faith. Gangar jiki ce kawai, ba fukafukai, kuma idan ka matsa kusa za ka yi mamakin ƙanƙantar kujerar matuƙin. Labarin da ake yawan bayarwa shi ne jirage uku ne suka tsare tsibirin a farkon yaƙi. Sun ɗara uku, amma ba su da yawa, kuma tsofaffin yayi ne.

Abin da na fi so a wurin ƙarami ne ƙwarai: lambar yabo ta George Cross da Sarki George na VI na Birtaniya ya ba al'ummar Malta baki ɗaya ranar 15 ga Afrilu 1942, tare da wasiƙarsa. Ita ce kake gani a kusurwar tutar ƙasar. Lambar ba ta ƙosar da kowa ba, yunwa ta kusa sa tsibirin miƙa wuya. A watan Agusta jiragen kaya 14 suka taso da abinci da mai, biyar kawai suka iso, ciki har da jirgin dakon mai Ohio da aka tallafo tsakanin jiragen yaƙi ya shigo ranar 15 ga wata. Karanta wannan ɓangaren a tsanake, ka sake leƙa bakin tashar da ya shigo ta ciki.

Ka fita kafin sha ɗaya da rabi, ka haura lambun Upper Barrakka, inda ake harba igwa ƙarfe goma sha biyu na rana. Daga saman lambun kallo kyauta ne. In da ƙananan yara a hannunka, gargaɗe su tun kafin a harba, ƙarar ba ta wasa ba ce.

Zafin azahar kuma ka kai shi ɗakunan yaƙi na Lascaris, da aka sassaƙa cikin dutse a ƙarƙashin lambun. Tikitinsu daban ne. Daga nan Janar Eisenhower na Amurka ya jagoranci mamaye Sisili a Yulin 1943, kuma har yau ga faffaɗan teburin taswira da mata ke tura alamomin jirage a kai da dogayen sanduna. Bi mai jagora, ba tare da shi ba tebura da wayoyin tarho kawai za ka gani. Da ka fito, ratsa gari ka sauka ɓangaren Marsamxett, ka kama jirgin fito zuwa garin Sliema, da sauran rana da za ka yi iyo.